Kafin a Sauya Akwatin Sitiyarin Tsohuwar Jif

 

Sharhinmu na yau a kan wani ƙarfe ne guda ɗaya, wanda girmansa bai wuce a rungume shi da hannu biyu ba. Yana ɗaure a jikin shasin mota ta ɓangaren direba, inda ƙura da baƙin mai suka lulluɓe shi har ba a cika lura da shi ba. Shi ne akwatin sitiyari. A tsofaffin motocin shiga daji, irin su Land Rover da Land Cruiser da Nissan Patrol da Pajero da tsohuwar Hilux, duk kwanar da direba zai sha ta cikin wannan akwati take bi kafin ta isa taya.

Wanda ya saba bi ta Jakara a birnin Kano da sassafe ya san motocin da nake nufi. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har gobe tana cika wa 'yan kasuwar ƙauye buhunansu: igiya, tabarmi, kanwa, kayan yaji, fartanya da lauje, kayan doki, turare. Wani kayan a kura ake turo shi, wani a A Daidaita Sahu. Amma mai nufin garin da kwalta ba ta kai ba, musamman da damina, tsohuwar jif yake nema, ko a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu. Haka nan in mota ta mace a titi, sau da yawa tsohuwar Land Rover da aka mayar janwe ce za ta zo ta ja ta. Motocin nan sun ciyar da gidaje, sun aurar da 'ya'ya, sun kai marasa lafiya asibiti daga inda ƙaramar mota ba ta isa ta leƙa ba. Sai dai shekaru sun ja. Land Rover ta fara fitowa a 1948, samfurinta da ake kira Series III an daina ƙera shi a 1985. Land Cruiser ƙirar 80 an yi ta ne daga 1990 zuwa 1997, ka ga ko autarsu ta haura shekara 25 tana shan gargada.

To ga inda matsalar take: cikin gari ba ya tona asirin sitiyari. Daga Jakara zuwa Ƙofar Mazugal, ko ta titin da aka shimfiɗa bisa kwarin Jakara ya nufi Kwarin Gogau, da ƙyar direba ke samun shiga giya ta uku. Ga masu kura, ga 'yan talla, ga babura, ga yara. A irin wannan tafiyar rarrafe, ko wasan sitiyari ya kai taƙi guda direba zai iya da motar. Hannunsa ya saba, yana kai ta dama yana dawo da ita hagu ba tare da ya san yana yi ba. Kuma cikin garin da ke ɓoye ciwon, shi ne ke ƙara shi. Lungunan tsohon birni ba don mota aka yi su ba. Kafin jif ta juya a bakin kasuwa sai an yi gaba an yi baya, ana murɗa sitiyari har ƙurya alhali tayoyi na tsaye cak, ga lodi har bisa rufi. Wani lokacin taya na jingine da bakin kwata, ana ta murɗawa da ƙarfin tsiya. Duk wannan nauyi a kan haƙoran da ke cikin akwatin yake sauka.

Sai an fita gari, an wuce Dawanau an miƙi hanyar Bichi, ko an ɗauki hanyar Gwarzo, sannan gaskiya ke bayyana. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan. Akuya ta faɗo titi, ko babbar mota ta taho ta cinye maka hannu, ka kauce, sitiyari ya juya amma taya ba ta amsa ba sai bayan rabin sakan. Mota ta riga ta ci mita 11 a inda ba ka so. Da ta tashi amsawa kuma sai ta amsa fiye da kima, domin a firgice ka ƙara murɗawa. Ita kuwa jif doguwa ce, nauyinta a sama yake, ga kaya a rufi. Abin da ke biyo baya mun sha jin sa a labarai: a ce mota ta ƙwace wa direba. Ba kowace ƙwacewa ce laifin sitiyari ba, akwai gudu, akwai barci, akwai fashewar taya. Amma motar da sitiyarinta ke lilo ta riga ta ƙwace tun tana fake a gida.

Bari mu leƙa cikin akwatin, domin wanda ya san yadda abu ke aiki ba a cika yi masa rufa-ido a gareji ba. Sandar da ta sauko daga sitiyari tana shiga akwatin ta juya wani ƙarfe mai murɗaɗɗen zare. A mafi yawan waɗannan motoci akwai wani dunƙulen ƙarfe a kan zaren, tsakaninsu kuma 'ya'yan boris ne ke zagayawa don rage gogayya. In ka juya sitiyari, dunƙulen ya yi gaba ko baya, haƙoransa su tura haƙoran wata gajeriyar sanda mai kauri da ta leƙo waje. A bakin wannan sanda aka ɗaura wani hannu na ƙarfe. Hannun ya ja doguwar sandar da ta tafi wajen taya, tayirod kuma ya haɗa tayar da 'yar'uwarta su juya tare. In motar mai fawa ce, famfo na turo mai ta tiyo ya rage wa direba wahala. Shi ke nan aikin.

Yawancin ƙananan motoci, tun daga Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna a shekarun 1970, wani tsarin suke bi, wanda kanikawa ke kira rak. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi saurin amsawa. Masu ƙera motar daji kuwa sun daɗe suna riƙe da akwati saboda ya fi jure duka. In taya ta faɗa rami ko ta daki kututture, shi ke shanye mafi yawan bugun kafin ya kai hannun direba. Hilux mai ja da ƙafa huɗu ma sai wajen 2005 ta koma rak. Wannan juriyar ce ta jawo masa sakaci, domin abin da ba ya yawan kawo ƙara mantawa ake yi da shi.

Maganata ta farko ga mai mota ita ce, kada ka yarda a yanke wa akwatin hukunci daga jin labari. Mutum zai shiga gareji ya ce, "Oga, motar nan tana yawo a titi." Bakanike ko sunkuyawa bai yi ba zai ce, "Alhaji, ai akwatin ne ya tafi, sai dai a sauya." A kashe maƙudan kuɗi, a ɗaura wani, a fita titi, mota ta ci gaba da yawonta. Dalili kuwa, tsakanin hannun direba da taya akwai gaɓoɓi da dama, kowacce in ta saki sitiyari zai yi wasa.

Gwajin gaskiya mutum biyu yake buƙata, kuma ba ya cin ko sisi. A ajiye mota a daidaitaccen wuri, tayoyi a ƙasa suna kallon gaba sak, a ja birkin hannu, a sa weji. Mutum ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali, ɗaya ya sunkuya yana bin ƙarafan da ido da tafin hannu, gaɓa bayan gaɓa. Na taɓa tsayawa na kalli wani dattijon bakanike a wajen Ƙofar Ruwa yana wannan aiki a kan wata Land Cruiser da aka kawo masa da nufin sauya akwati. Bai ɗauki sufana ba. Ya sa yaronsa a kujerar direba, shi kuma ya shimfiɗa kwali ya kwanta. Ya fara dafa joyin ɗin sandar da ke shiga akwatin, ya ce, "Kaɗa." Ya dafa hannun ƙarfen da ke ƙasa, ya ce, "Kaɗa." Sanda na motsawa, hannu na amsawa nan take. Ya ce akwati lafiyarsa lau. Da ya kai tafinsa kan boljoyin ɗin doguwar sandar, sai ga shi yana ɗagawa yana komawa kafin sandar ta motsa. Robarsa ta yage, yashi ya shige ciki ya haɗu da giris ya cinye shi. Ya kira mai motar ya ce, "Alhaji, kawo hannunka ka ji da kanka." Abin da aka sauya a ranar bai kama ƙafar kuɗin akwati ba, motar kuma ta daina yawo.

Irin wannan bakaniken nake so masu mota su nema. Bayan boljoyin, zai duba boris ɗin taya, ya duba bushin, ya duba iskar taya, ya duba ko notunan da suka riƙe akwatin a jikin shasi sun saki. In ka ga akwatin da kansa yana motsi lokacin da ake kaɗa sitiyari, to ko dai noti ya kwance, ko kuma, abin da ya fi muni, shasin ya tsage a wurin. Wannan tsagewa sananniya ce a Land Cruiser ƙirar 80 da Patrol da suka sha wuya, musamman waɗanda aka sa wa tayoyin da suka fi nasu girma. A tsohuwar Land Rover ta Series kuwa akwai wani ƙaramin ƙarfe a gaban shasi, ƙasan lagireto, da ke karɓar motsi daga sandar akwati ya miƙa wa ta taya. Shi ma mai yake sha, amma da wuya ka ga wanda ya tuna da shi. In ya bushe, sitiyari ya yi nauyi, sai a ɗora wa akwati laifin da ba nasa ba.

Sai maganar sukurun nan da ke jikin akwatin, mai noti da ke kulle shi. Masu ƙera mota sun sa shi ne don a riƙa matso haƙora kusa da juna in sun ɗan ci. Gyara ne na halal, amma da ƙa'idarsa. Tsakiyar haƙoran ce ta fi cinyewa, domin a nan suke zama duk lokacin da mota ke tafiya sak. Wanda ya ɗaure sukurun da ƙarfi don ya kashe wasan tsakiya baki ɗaya, zai tarar da zarar an ɗan karya kwana sitiyarin ya cije, kuma ba ya komawa da kansa bayan an sha kwanar. Mai mota zai ji hannu ya yi tsauri, ya ɗauka an yi masa gyara, alhali an sa haƙora suna cin juna ne. Ƙa'ida ita ce a juya shi ɗan kaɗan, a ɗaga gaban mota, a murɗa sitiyari daga ƙurya zuwa ƙurya a ji ko'ina sumul. In wasan ba zai mutu ba sai an kai ga cijewa, to akwatin ya gama aikinsa.

Akwai sauran alamomin da ba a musu da su. Sitiyari na tsalle-tsalle a hannu kamar akwai tsakuwa a ciki. Jikin akwatin ya tsage. Mota ta yi karo, sandar ƙasa ta murɗe. Ko mai yana tsiyaya ta ƙasan akwatin, an sauya sil ya tsaya kwana kaɗan ya dawo, domin tsatsa ta riga ta ci sandar ta yi mata kaushi, duk sil ɗin da aka sa sai ta yaga shi. A nan ina roƙon kanikawa da direbobi su bar wata ɗabi'a: zuba man birki a tankin man sitiyari don yoyo ya tsaya. Eh, yakan tsaya na ɗan lokaci, saboda man birki na kumbura roba. Amma kumburin nan lalacewa ce. Duk robar da ke cikin famfo da tiyo da akwati za ta ruɓe, abin da sil ɗaya zai gyara ya koma sai an sauya komai.

To a ce an tabbatar akwatin ne. Ina za a samo wani? Sabo dal na kamfani, ga motar da aka daina ƙerawa shekaru da yawa, samunsa wuya, kuɗinsa kuma wani lokacin ya tasam ma rabin darajar motar. Galibi Ƙofar Ruwa za a nufa, ba nisa daga Jakara, a nemi ɗan Beljiyam. Ba na ƙin wannan. Akwatin asali da aka ciro daga motar da ba ta sha wahala ba ya fi sabon jabu mai ƙyalli. Amma a je da ido a buɗe. A ɗauki tsohon a tafi da shi, a ajiye su gefe da gefe, domin mota ɗaya takan zo da akwati iri daban-daban gwargwadon shekararta: ramukan noti, wurin shigar tiyo, kaurin sanda da yawan tsagoginta duk suna iya bambanta. A juya shi da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ji ko yana cijewa. A goge sandar ƙasa a dubi tsagogin da hannun ƙarfe ke zama a kai. Dole su miƙe sak. In ka ga sun ɗan karkace, wannan akwatin ya fito ne daga motar da ta yi karo, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Wanda aka wanke aka fesa masa sabon baƙin fenti kuwa, sai ka ƙara bincike. Kuma a yi sharaɗi a gaban shaida cewa in an ɗaura bai yi ba za a dawo da shi. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba ya gudun wannan sharaɗi.

Akwai wani tarko da tarihinmu ya bar mana. Ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama, ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Chadi. Tun daga nan sitiyarin motocinmu ya koma hagu. Amma Ingila da Japan, inda aka haifi Land Rover da Land Cruiser, da Ostareliya da Afirka ta Kudu inda suke da yawa, har yau nasu a dama yake. Akwatin da aka ciro daga motar can kishiyar namu ne, komai nasa a juye. Kayan kwance kuwa daga ko'ina suke shigowa. Mai saye ya kula.

Wannan ya kawo ni kan motocin da ke shigowa da sitiyari a dama a juya su a nan. Juyin da aka yi da cikakkun kayan hagu na kamfani daban, wanda aka yi da yanka da walda daban. Na ga sandar sitiyari da aka yanke aka ƙara mata tsawo da guntun ƙarfe, na ga shasin da aka huda da wutar gas don noti ya shiga. Maƙeranmu na cikin birni sun fi kowa sanin cewa ƙarfen da aka gasa aka ba shi ruwa bisa ma'auni, in ka sake kai shi wuta ka sauya masa hali. Hannun sitiyari da sandunansa irin wannan ƙarfen ne. Wanda aka yi wa walda ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, karyewa yake farat ɗaya, kuma ranar da aka fi buƙatarsa yake karyewa, wato lokacin da taya ta daki rami da gudu. Mai walda yana da aiki da yawa a jikin tsohuwar mota, amma ban da waɗannan ƙarafa. In sun lanƙwashe ko sun tsage, sauyawa ake yi.

Ranar ɗaurawa, ina so mai mota ya zauna a garejin. Ba don zargin kowa ba, don ya ga aikin da ransa zai dogara a kai. A miƙar da tayoyi, a ɗaure sitiyari da igiya kada ya yi ta juyawa bayan an raba shi da akwati, domin a motocin da ke da jakar iska akwai siririyar waya naɗe a ciki, tana tsinkewa. A tokare mota da ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri. Jak kaɗai ba ya riƙe amana, bulo kuma farfashewa yake, kuma mafi yawan lokaci yaro ɗan koyo ne a kwance a ƙasan.

Wurin da ake shan wuya shi ne zare hannun ƙarfen daga sandar. An ƙera shi ya matse, ga tsatsar shekaru. Akwai abin zare shi mai ƙugiya, wanda kanikawa ke kira fula, ana ɗaure shi a hankali har hannun ya saki da ƙara. Wanda ba shi da fula sai ya ɗauko babbar guduma ya yi ta jibga, ko ya kira mai gas ya ƙona ƙarfen har ya yi ja. Duka biyun ɓarna ne. Mafi muni shi ne a ɗauko gudumar a kan sabon akwatin wajen mayar da hannun, bugun ya bi sanda ya shiga ciki ya lotsa boris, a kashe shi tun bai fara aiki ba.

In an sauke tsohon, kada a yi gaggawar ɗora sabo. Wannan ce kaɗai damar ganin fuskar shasin da ke ɓoye. A wanke wurin da kananzir, a kankare, a haska fitila a nemi siririn layi da ya taso daga ramin noti. In akwai, a nan ne aikin ƙwararren mai walda yake: ya gyara ya ƙara farantin ƙarfe kafin a ci gaba. Notunan da za su riƙe akwatin kuma ba kowane noti ba ne. A dubi kan kowanne, za a ga lamba ko alama, kamar 8.8 ko 10.9, ita ce ke nuna ƙarfinsa. In na asali ya lalace, a nemo mai irin lambarsa, ba wanda aka tsinto a cikin gwangwanin gareji ba. A ɗaure su da sufana mai awo gwargwadon yadda kamfani ya ce.

Sannan a nemo tsakiyar akwatin. A juya shi daga ƙurya zuwa ƙurya ana ƙirga juyi, a dawo rabi. In huɗu ya yi, a dawo biyu. A nan za a haɗa shi da sitiyari da hannun ƙarfe, tayoyi na kallon gaba. Wanda ya tsallake wannan zai ga mota na shan kwana sosai ta gefe ɗaya, ta ɗayan kuma ta gaza. In an gama an ga sitiyarin ya ɗan karkace, ta doguwar sanda ake daidaita shi. Cire kan sitiyarin a sake dasa shi a miƙe yaudarar ido ce kawai, ciki na nan a karkace. Kowane notin boljoyin mai rami kuma a sa masa fil ɗinsa mai baki biyu, sabo. Lanƙwasasshiyar ƙusa ko guntuwar waya ba su maye gurbinsa.

Man akwatin ma da tasa ƙa'idar. Akwatin da ba shi da fawa, irin na Land Rover ta Series, man giya mai kauri yake sha, mai lamba 90. Mai fawa kuwa galibi jan man nan ne irin na giyar otomatik. A zubar da tsohon man gaba ɗaya, a wanke tanki, domin garin ƙarfen tsohon akwati na cikinsa, in aka bar shi zai shiga sabon. Tiyon da ya tsattsage a sauya shi yanzu. A cika tanki, gaban mota a ɗage, a yi ta juya sitiyari hagu da dama inji a kashe, sannan a tayar a ci gaba har kumfa ta ƙare, famfo ya daina kuka. Kada a danne sitiyari a ƙurya a daɗe. Daga nan sai wajen masu alaimin, sai gwaji a hanyar da babu cunkoso, a hankali tukuna. Bayan 'yan kwanaki a dawo a sake bin notunan, a duba ko akwai ɗigon mai.

Na san abin da wani mai sauraro ke faɗi a ransa: Malam, ka san kuɗin abin nan kuwa? Na sani. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni na shekarar, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Mai tsohuwar jif ba attajiri ba ne, da ita yake cefane. Shi ya sa kalmar da ta fi yawa a bakin gareji ita ce, "A lallaɓa ta haka, in an samu a gyara." Akwai abin da ake lallaɓawa. Gilashin da ba ya sauka, kujerar da ta yage, ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa, duk za su jira. Birki da taya da sitiyari ba sa cikin wannan layi. Mai doki ba ya hawa da linzamin da ya ga ya fara tsinkewa, komai nisan kasuwar da za a sayo wani. Kuma abin takaici, wani da ya ce ba shi da kuɗin boljoyin, a makon zai sa wa motar manyan tayoyi don ta yi kwarjini, ya ƙara wa akwatin nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba. Malamanmu sun sha gaya mana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Fasinjan da ya hau bayan motarka da buhunsa bai duba ƙasanta ba, kai ya amince wa.

Ga 'yan'uwana kanikawa, na san tsoronku. In ka ƙi yin aikin lallaɓe, maƙwabcinka zai yi, ka rasa kwastoma. Duk da haka ina roƙonku ku iya cewa, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan kam ba zan yi masa walda ba." Ƙungiyarku ta NATA, daga Ƙofar Ruwa har Kwakwaci, za ta iya mayar da wannan doka a tsakaninku, yadda ba wanda zai ci da ƙin wani. Fula da sufana mai awo in sun fi ƙarfin mutum ɗaya, gareji uku ko huɗu su haɗa kuɗi su saya. Yaran da ke koyo a hannunku kuma, abin da suka ga kuna yi shi za su yi shekara talatin masu zuwa.

Hukumomin hanya su ma suna da rawar takawa. A Ingila, galibin motocin da suka shekara uku sai an kai su gwaji kowace shekara, kuma an ƙayyade wasan sitiyari da awo: mota mai akwati, in wasan ya wuce milimita 75 a bakin sitiyarin, wato kusan faɗin yatsu huɗu, ta faɗi gwajin. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da aka kafa a 1988, da jami'an VIO, da KAROTA a nan Kano, in sun tsayar da tsohuwar motar haya don duba takardu, kaɗa sitiyarinta a dubi taya ba zai ci minti ɗaya ba. Muna roƙon a sa wannan cikin abin da ake dubawa, musamman a tashoshin da ake lodin ƙauye.

Kai kuma direba, gobe da safe kafin ka tayar da mota, miƙar da tayoyinka, ka sauke gilashi ka tsaya a waje, ka sa hannu ka kaɗa sitiyarin a hankali kana kallon tayar gaba. In sitiyarin ya yi tafiyar da ta wuce faɗin yatsu uku taya ba ta motsa ba, kada ka ɗauki fasinja. Ka gaya wa maigidanka gaskiya, ku kai ta gareji a duba.

Allah ya kiyaye mana hanya.